Jagoran Waƙar Da Ya Baro Jama'a A Ƙasa

Akwai wani jagoran waƙoƙin yabo a wata majami'a da ake yi wa laƙabi da Mai Zaƙi. Murya kam Allah ya ba shi, wannan ba musu. Sai dai kan nan nasa ya kumbura har ƙofar majami'ar ta kusa yi masa kaɗan.

Kowace waƙa sai ya ɗauko ta daga can sama, inda ba mai kaiwa sai shi. Ya rufe ido, ya karkace wuya, ya yi ta jan baiti ɗaya kamar roba. Jama'a su fara binsa, kafin layi na biyu maƙogwaro ya gaza, su koma motsa leɓe kawai. Shi kuwa gogan, a tunaninsa daɗin muryarsa ne ya kashe musu baki.

Kawunsa ne ke kaɗa piyano. Wata Asabar wajen koyon waƙa ya ce masa, "Ɗana, sauko da ita kaɗan mana. Tsofaffin nan ba sa kaiwa."

Mai Zaƙi ya taɓe baki. "Kawu, in ba sa kaiwa su saurara. Ni ba zan yi waƙa kamar mai minshari don wani ya ji daɗi ba."

Ana nan sai fasto ya sanar cewa wani dattijo zai zo ran Lahadi. Shi ke zagaya majami'u yana zaɓen wanda zai ja waƙa a babban taron ikilisiyoyi na shekara. Shekara biyar Mai Zaƙi yana haɗiyar yawu a kan wannan matsayi. Tun kafin ranar ya ɗinka sabuwar kwat, har ya gaya wa surukansa su shirya zuwa kallonsa.

Ran Lahadi aka tanadar wa baƙon kujera mai laushi a gaba. Dattijo ya yi godiya, ya wuce can benci na ƙarshe kusa da ƙofa, ya zauna tsakanin masu goyo da tsofaffi.

Mai Zaƙi ya hango shi, ya ce a ransa lallai yau sai an ƙara wuta. Ya yi wa kawunsa alama da yatsa a hau sama. Kawu ya girgiza kai, ya hau. Aka sake hawa. Jijiyoyin wuya suka miƙe, gumi ya jiƙa sabuwar kwat, shi kuma ido a rufe ana ta gwaninta. Da zai buɗe idon, da ya ga mutum ɗari uku a tsaye, littafin waƙa a hannu, baki a rufe. Abin takaici ne wallahi, mutane su baro gida don su yabi Ubangijinsu, a mayar da su 'yan kallo.

Waƙar rufe sujada kuwa ya raina ta, don lokacin kowa ya ƙagu a tashi. Kullum yakan bar wa wata nas da ke cikin ƙungiyar mawaƙa, wadda ya sha yi wa muryarta dariya.

Ran nan ma ita ya bar wa. Nas ta ɗauko waƙar daga ƙasa. Idonta na kan jama'a. Kafin kowane layi takan faɗi kalmomin da sauri, saboda waɗanda ba sa iya karatu. Da ta ji sun kama, sai ta sauke makirufo daga bakinta. Majami'ar ta ɗauka gaba ɗaya, har tsohon da ke kusa da baƙon yana rerawa yana share hawaye.

Bayan an tashi, Mai Zaƙi ya ratsa mutane yana gyara kwala. "Baba, ina fata kun ji ni da kyau daga baya?"

"Na ji ka, ɗana," in ji dattijo. "Kai kaɗai na ji. Ni a baya nake zama don in ji ko jama'a na waƙa. Mutum dubu biyu za su zo taron nan, kuma ba sauraronka zai kawo su ba. 'Yar nan da ta rufe sujada zan ɗauka."

Mai Zaƙi ya yi dariyar yaƙe. "Haba Baba, nas? Kun kuwa ji muryarta?"

Dattijo ya ɗauki sandarsa. "Gaskiya ban ji ba sosai. Jama'a sun rufe ta. Shi ya sa na zaɓe ta."

Darasi: In Allah ya ba ka baiwa ya tsayar da kai gaban ikilisiya, aikinka ka buɗe bakin jama'a su yabe shi, ba ka rufe shi su yabe ka ba. Gwanintar da ba tawali'u a cikinta, ihu ne kawai. Ku tura wa mawaƙan majami'arku, musamman mai riƙe da makirufo.