Geron da Ya Fito a Tsakuwa

An ce wani sarki ya gina jami'a, ya kafa doka cewa ba mai shigarta sai mafi hazaƙa. Ran nan ya fito fada, ya tarar Waziri da Alƙali har rawunansu sun karkace don gardama.

"Mudu ɗaya ake awo da shi!" in ji Waziri, yana dukan buzu. "Mudassiru ya amsa tambaya casa'in, yarinyar nan tamanin. Ko jaki ya san wanda ya fi."

Alƙali ya shafa gemu, ya ce ta hanci, "To, ai Mudassiru ɗanka ne, malamai bakwai ke bin sa har gida. Ita kuwa Marka 'yar kan tsauni ce. Duk ƙauyensu littafi ɗaya gare su, shi ma gara ta ci rabi."

Gurbi ɗaya ya rage, sarki ya rasa wanda zai ba. In ya ba Marka, a ce ya take dokarsa. In ya hana ta, zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Sai ya tuna da Tabawa, tsohuwar da ke ajiyar irin shuka tun zamanin kakansa. Ya ɗebi mutanen biyu har gindin rumbunta, ya zayyana mata matsalar.

Tabawa ta ce, "Ya sarki, ni ban san jami'a ba, gero na sani." Ta zaro zangarniya biyu, ɗaya kamu guda, ɗaya ba ta kai taƙi ba. "Wacce za a ajiye iri?"

Waziri ya yi caraf ya ce, "Babbar mana, Iya!"

"Haka kakanka ma ya ce, da irin wannan muryar." Ta juya ga sarki. "Babbar nan a bayan gidanka ta fito, bisa taki. Ƙaramar a tsakuwa, ruwa uku kacal ta sha. Shekarar da sama ta ɗauke, zamanin kakanka, manyan duk a tsaye suka bushe. Geron tsakuwa kaɗai ya fid da kai. Kunun da aka yaye mahaifinka da shi, na irin wannan ne. Da tsawo muka bi, ya sarki, da ba a haife ka ba."

Sarki ya karɓi 'yar zangarniyar a tafinsa. Sai ya ga ashe shi da gadonsa da garinsa duk a cikinta suka fito. Ya ce a hankali, "To, a zubar da babbar ke nan?"

"Subhanallahi! Ita ma iri ce. Amma rumbun da ke da iri ɗaya, fari ɗaya ke gamawa da shi."

Sarki ya miƙe ya ce, "Dokata tana nan. Mafi hazaƙa na ce, ban ce mafi samun taki ba. Marka ta shiga, Mudassiru ya dawo baɗi. Daga yau duk wanda aka auna, a tambayi inda ya tsiro. Mai auna kai bai dubi ƙasa ba, rabin adalci ya yi."

Waziri ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, to in na watsa tsakuwa a ɗakin Mudassiru fa?"