Ƙafafun Ƙadandoniya

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku ce ta zo ku ji ta.

Dabbobi ne suka taru a majami'arsu ranar wankin ƙafa, domin tunawa da yadda Yesu ya wanke wa almajiransa. Dawisu shi ne dattijon ikilisiya. Tun daga gida manya suka goge ƙafafunsu tas, don kada wani ya sha wahala. Wai hidima ke nan!

Ana cikin yayyafa wa juna ruwa, sai ga baƙuwa, Ƙadandoniya mai ƙafafu barkatai, duk taɓo. Ta yi sallama.

Dawisu ya yatsine fuska ya ce, "Baiwar Allah, ruwanmu na masu ƙafa biyu da huɗu ne. Zauna can bakin ƙofa."

Ƙadandoniya ta nannaɗe don kunya.

Agwagwa ta miƙe ta ce, "Haba Baba! Ubangiji ya ƙirga yatsun Bitrus ne kafin ya durƙusa? 'Yar'uwa, miƙo su!"

Ta jawo ƙwarya, tana wanki tana waƙa, baƙuwa na ƙyalƙyala dariya saboda cakulkuli. Da ta gama ta ce, "Baba, kawo naka."

Dawisu ya ce, "A ruwan tsutsa? Allah ya sauwaƙe!"

Shi ya sa har gobe dawisu ke baza ado a sama, ƙafa kuwa kaushi da faso. Ya je ya yi ta bazawa!

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa ƙwarya.