Kififiya da Masu Jiran Iska

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wata Kififiya ce a bakin teku, can ƙasar Malayu. Su kififiya inda aka ƙyanƙyashe su, nan kawai suke saka ƙwai. Yashin wurin kuwa nata ne kaf.

Ran nan sai ga wani masunci, Awang.

"Iya, ki ba ni wurin ɗaure kwalekwale ɗaya, iska nake jira ta juya."

Ta ce, "Ɗaure, ɗana."

Iskar wurin wata shida take kaɗawa yamma, wata shida gabas. Sai fatake suka fara tsayawa jira, da alhariri da kanumfari. Matar Awang ta kafa tukunyar shinkafa. Kafin Kififiya ta ankara, gari ya zauna, har da sarki. Ta ja ƙwanta gefe.

Sai ga jajayen baƙi da igwa. Ta ce, "Samari, yaushe za ku wuce?"

Suka ce, "Iska muke jira, Iya."

Suka gina ganuwa a kan rabin yashinta. Shekara ɗari, iskar ba ta juya ba.

Wasu suka kore su, masu dogon hanci. Su ma iska suke jira. Suka gina rumbunan barkono. Na uku suka zo da agogo da shayi, suka zuba siminti don manyan jirage. Abin da ya rage mata bai fi faɗin tabarma ba.

Ana nan, rannan ta ji ganguna. An sauke tutar baƙi, gari ya samu 'yanci. Ga ta da ƙwai fal ciki, kwana uku ba ta runtsa ba. Ta rarrafa har gaban sabon shugaba, Dolah, jinin Awang.

"Ɗana, tunda sun tafi, a mayar mini da yashina."

Dolah ya rusuna. "Haba Iya, wa zai manta da ke? Zo ki gani."

Ya kai ta wurin nan mai faɗin tabarma. Sun kafa wata ƙatuwar kififiya ta dutse a kai, an rubuta Uwar Gari.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ta yi kyau, har ta fi ni wuya. Ita ma tana ƙwai?"

Jama'a suka yi ta tafi, wai Iya akwai barkwanci.

To kun ji. Baƙon da ya ce muku jira yake, ku tambaye shi ranar tafiyarsa. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, don har yanzu Kififiya tana can gindin dutsen da ƙwai a cikinta. Ta saka a kan siminti rana ta dafa su, ko ta bar garin kakanninta? Ku faɗa mini, ni na rasa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan.