Kyallu Mai Gadin Gyaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, a ƙara mana ice a wuta.

To, ku matso. Wata 'yar kurege ce ana ce mata Kyallu, raminta yana gindin wata tsohuwar kuka a bakin gona. Har yau idan ta tuna ranar da ta fara ganin Anaruwa, sai ta ja wutsiya ta rufe fuska.

Ranar an yi ruwan shuka. Manomi ya zo da irin gyaɗa a gora, ya ajiye a gindin kuka, ya shiga gona da sungumi. Kyallu ta lallaɓo ta cusa kai cikin gorar. Ta ci, ta ci, ta cika kumatu. Ta ja kai, kai ya ƙi fita. Tana cikin harbe-harbe sai ta ji an kama wutsiyarta an fizga, fit! Ta faɗi warwas.

Da ta ɗaga ido sai ga wani saurayin shamuwa a tsaye, ƙafafu kamar karan dawa, baƙar riga da farar 'yar ciki.

Ya ce, "Sannu, 'yar gari. Sunana Anaruwa, yau na sauka. Me kike yi a cikin gora?"

Kyallu ta haɗiye abin da ke bakinta da ƙyar. Ta ce, "Gadi. Ni ce mai gadin gyaɗa a ƙasar nan."

"Daga ciki ake gadin?"

"Wanda ya tsaya daga waje ai bai san aikin ba."

Anaruwa ya ce, "Kai! Allah ya ƙara amana."

Shi haka yake. Abin da ka faɗa masa shi ne. Sauran shamuwa suka yi sheƙa a cikin gari, shi kuwa ya yi tasa a kan kukar Kyallu. Idan ta shiga gona, shi ke duba mata hanya daga sama, yana zaton aiki take. Idan rana ta yi sanyi ya sauko su yi hira. Ita ta ce masa Dogo, shi ya ce mata Mai gadi.

Damina ta yi nisa. Rannan Anaruwa ya dawo daga taron shamuwa da ƙoƙo a baki, cike da gyaɗa.

Ya ce, "Madugunmu ne ya raba. Ƙwaya sittin ce, kullum da safe a cire ɗaya. Ranar da ƙoƙo ya ƙare, ranar za mu tashi mu yi kudu, kafin sanyi ya sauka."

"Kudu ba sanyi?"

"Akwai, amma ba lokaci ɗaya da naku ba. Duniya kamar ƙwarya biyu ce aka kifa wa juna. In sanyi ya zauna a ta sama, ta ƙasa tana shan damina. In mun je can kuma, wani ƙoƙon za a ba mu, mu ƙirga nasu sanyin, mu gudo nan."

"To me ya sa da gyaɗa kuke ƙirge?"

"Don ba ma cin ta. Ba wanda zai taɓa." Ya tura mata ƙoƙon. "Bakina dogo ne, sau biyu ina ɓarar da shi a hanya. Ke kuwa sana'arki ce. Riƙe mini."

Kyallu ta dubi ƙoƙo, yawu ya taru. Ta ce, "Ka kawo inda ya dace."

Maƙwabciyarta, Gwaggo Bushiya, tana jin su daga bakin nata ramin. Ta ce, "Oho. Allah ya ba gyaɗa haƙuri."

Gari ya waye, Anaruwa ya leƙo daga sheƙa.

"Mai gadi, saura nawa?"

"Da saura, Dogo, da saura."

Ta cire ta ranar ta cinye. Ai ba laifi, dama an cire ta. Sai ta ga ta gobe tana kallonta. Ta ce gobe ma ai cire ta za a yi. Ta cinye. Ta jibi ƙarama ce, ba ta kai a ƙirga ta ba. Ta gata kuwa kamar ta fara ruɓewa.

"Mai gadi, saura nawa?"

"Da saura, Dogo, da saura."

A rana ta goma Anaruwa ya sauko ya zura baki cikin ramin don ya gani da idonsa. Ƙwaya bakwai a gindin ƙoƙo.

Ya ce, "Bakwai! Ashe bana shekarar gajera ce." Can ya ce, "Zan yi kewarki, Mai gadi. Bari in fara gyaran fiffike."

Kyallu ta dubi ƙoƙo, ta dubi Anaruwa. Wa zai riƙa duba mata hanya? Wa zai riƙa kiran ta da safe? Ta ruga gona, lokacin sabuwar gyaɗa ta fara nuna. Ta tona, ta ɓare, ta yi ta jigila a kumatu.

Gwaggo Bushiya ta ce, "Ke 'yar nan, hamsin ya kamata a samu a ciki."

"Na sani, Gwaggo."

Ta zuba har suka cika hamsin cif. Sai ta ɗaga kai ta hango Anaruwa a kan reshe yana gyara gashinsa. Ta ƙara goma. Ta sake ɗaga kai, ya yi mata murmushi. Ta ƙara goma. Ya ɗaga mata fiffike. Ta ƙara goma.

Gwaggo ta ce, "Sanyin ma kin zuba masa gyaɗa ya jira?"

"Gwaggo, kwana kaɗan ne."

Washegari Anaruwa ya ga ƙoƙo ya cika, ya buɗe baki. Kyallu ta ce, "Jiya sauran na kai shanya ne kada su yi fumfuna. Aikin gadi ke nan."

Ya ce, "Kai! Allah ya ƙara amana."

Daga ranar ba ta ƙara cin ta gobe ba. Ɗaya tak kullum, tana tauna ta a hankali.

Ruwa ya ɗauke. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, kuka ta fara zubar da ganye. Rannan da hantsi sai ga ayarin shamuwa sun biyo ta saman gona, sun rufe rana.

Suka yi kira, "Anaruwa, taso! Ƙoƙo ya ƙare!"

Ya ce, "Naku dai! Nawa saura talatin!"

"Wa ke riƙe maka?"

"Mai gadin gyaɗar ƙasar nan da kanta!"

Suka kwashe da dariya, suka wuce. Kyallu tana ƙuryar rami ta cusa kai cikin ƙasa. Ta ce gobe za ta faɗa masa. Gobe ta zo.

"Mai gadi, saura nawa?"

"Da saura, Dogo... da saura."

Sanyi kuwa ba a aiko shi jira ba. Ya sauka. Fara ta ɓace daga gona, kwaɗi suka shige laka. Anaruwa ya rame, gwiwoyinsa suna bugun juna, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ana ji daga cikin rami.

Gwaggo ta ce masa, "Yaro, ba ka jin ɗari ne?"

Ya ce, "Wannan ba ɗari ba ne, Gwaggo, zazzaɓi nake yi. Sanyi ba zai sauka ba ƙoƙon Kyallu bai ƙare ba."

Da ma mari ya yi wa Kyallu, da ya fi mata sauƙi. Ta yi dabara ta riƙa cire uku-uku don ƙoƙo ya ƙare da wuri. Ina! Yanzu ba shi da aikin yi sai leƙen ƙoƙo. Ya ce, "Jiya ashirin, yau sha bakwai? Mai gadi, kin kai shanya ne?" Dole ta mayar da biyu.

Ranar da saura tara, da sassafe, aka ji tim! Anaruwa ne ya faɗo daga sheƙa. Ƙafafunsa sun kasa riƙe reshe. Ya zauna a gindin kuka ya takure, baki yana kaɗawa.

Gwaggo ta ja Kyallu gefe. Ta ce, "Kwana tara ba zai kai ba. Kin so ya zauna, to ga shi zai zauna har abada. Sai ki faɗaɗa raminki, don dogo ne."

Kyallu ta kasa haɗa ido da ita.

Ana haka sai ga wani ƙaramin ayarin tsattsewa ya sauka a kan kukar. Wata tsohuwa ce jagorarsu. Kyallu ta haye ta durƙusa.

"Sannu da hanya, Inna. Daga ina, zuwa ina?"

"Daga arewa, bayan hamada, bayan teku. Can sanyinmu ya ƙarato, irin wanda ruwa ke zama dutse. Kudu muka nufa. Mun makara, mu ne na ƙarshe, rana na take tsaka za mu tashi."

"Inna, ga wani bai san hanya ba."

Tsohuwa ta leƙa ƙasa ta taɓe baki. "Wancan mai karkarwar? Ba ma jan kaya."

Kyallu ta ce, "Shi ke nan. Dama na ce masa ya haƙura, shahon da ke tare hanyar kudu ba sai shi ya kashe shi ba."

"Shaho?"

"Ba ku ji ba? Ai wannan da kike gani shi ya tsige wutsiyar yayan shahon bara. Karkarwar nan ba ta sanyi ba ce, Inna. Fushi ne. Kwana uku ke nan bai samu shahon da zai fyaɗa da ƙasa ba."

Tsohuwa ta sake leƙawa, ta dubi tsawon bakin nan, ta ji yana ƙwas, ƙwas. Ta ce, "Ce masa ya shirya. A tsakiyarmu zai tashi, mu tare masa iska."

Kyallu ta sauko da gudu. "Dogo, tashi, na samo maka ayari!"

Ya girgiza kai. "Saura tara, Mai gadi. Idan na tafi yau, ai na ƙaryata ki ke nan."

Ta ce tsattsewa ba za su jira ba. Ya ce su je. Ta ce madugu ne ya aiko. Ya ce madugu ya yi kuskure. Ta laluba cikin kanta ta nemi wata ƙaryar, ta tarar babu, sun ƙare kaf. Rana kuwa tana ta hawa.

Sai ta shiga rami ta jawo ƙoƙon, ta dire a gabansa. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Ta ɗauki ta biyu. Ta uku. Tana ci hawaye na zuba. Ta cusa duk taran, kumatu suka yi tim kamar ranar gora.

Anaruwa ya zare ido. "Mai gadi! Me kike yi?"

Ta ce, da baki cike, "Abin da na saba."

"Me?"

Ta haɗiye. Ta sunkuyar da kai har hancinta ya taɓa ƙasa. "Ni ba mai gadi ba ce, Anaruwa. Ɓarauniyar gyaɗa ce. Ranar da ka ciro ni daga gora, sata nake. Ƙoƙonka na cinye, sannan na cika shi da tawa, na ƙara talatin. 'Yan'uwanka su ne da gaskiya. Ba zazzaɓi kake ba. Sanyi ne."

Anaruwa ya ce, "Cin na gane. Ƙarin fa? Ɓarawo ba ya ƙari."

Kyallu ta ja wutsiya ta rufe fuska.

Gwaggo Bushiya ta ce, "Kai ma dai, yaro, tsawon duk a ƙafa ya ƙare? Ba ta so ka tafi ne."

Anaruwa ya ce, "Au." Ya ƙara cewa, "Au!" Ya sa baki ya ɗage wutsiyar a hankali. "Da kin tambaye ni ai da na faɗa miki. Shamuwa ba ta sauya bishiya. Inda ta yi sheƙa bana, nan take dawowa baɗi, in dai ta rayu."

Tsohuwar tsattsewa ta yi kira daga sama, "Sarkin yaƙi, rana ta take!"

"Wane ne sarkin yaƙi?"

Kyallu ta ce, "Kai ne. Kada ka yi musu sai kun isa. Ita ce ƙaryata ta ƙarshe."

Ya miƙe da ƙyar, ya buɗe fiffike. Rana ta ɗan gasa shi, ya yi tsalle ɗaya, biyu, a na uku ya tashi. Tsattsewa suka kewaye shi. Kyallu ta ga zai yi nisa ba ta faɗi abin da ke ranta ba. Ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, ta buɗe murya har manomi ya waiwayo daga bakin rumbu.

"Dogo! Na yi maka alkawari, Gwaggo ce shaida! Baɗi da tsakuwa za mu ƙirga! Ba zan rage ba, ba zan ƙara ba! Ranar da ƙoƙo ya ƙare, ni zan fara ce maka tashi, ko da kuka nake!"

Daga can sama, ƙasa-ƙasa, ta jiyo shi.

"Mai gadi! Saura nawa in dawo?"

Ta share ido. A karon farko ta faɗi gaskiya tun kafin a matsa mata.

"Da saura, Dogo! Da saura da yawa! Ina nan!"

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege ya miƙe tsaye a bakin rami yana leƙen sama, ba ku yake kallo ba. Shamuwa yake dubawa.

Kurunkus, kan kurege a cikin gora. Wanda zai ƙirga kwanakin sanyi ya nemi abin da ba ya taunuwa. Ita kuwa Kyallu ta cika alkawari, sai dai an ce haƙorinta ɗaya ya ɓalle, don ta gwada tsakuwar farko ta ji ko ta nuna.