Sifana Mai Tambarin Zaki

Malama, shugabar wata makaranta, mace ce mai ilimi da kamun kai, sai dai tana da aibi guda: abin da idon mutane zai gani ya fi damunta a kan gaskiyar abu. Ƙanenta Auta makaniken babura ne. Da sifanonin marigayi mahaifinsu yake aiki, baƙaƙe wuluk, har tambarin gudumar da ke jikinsu ya goge. Duk sanda Malama ta wuce gaban shagonsa tare da abokan aikinta, sai ta kawar da kai.

Wata rana Auta ya tafi sayen kayan gyara, ta kwashe sifanonin ta bai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ta ajiye masa sabon akwati cike da masu tambarin zaki, suna ɗaukar ido.

Da ya dawo, ya ɗauki ɗaya ya sake ta a kan siminti, yadda Baba yake gwada ƙarfe. Sifanar ta ce ɗif, ba ta yi ƙara ba.

"Yaya, na Baba in sun faɗi sai kunne ya yi ta amsawa. Wannan zakin naki bebe ne."

"Kai dai ka saba da tsatsa," in ji ta. "Ƙanena ba zai riƙa aiki da tarkace ba. Ko kyautar tawa ce ba ta yi maka ba?"

Kunya ta hana shi musu.

A makon nan mijin Malama ya kawo babur ɗinsa a sauya tayar baya. Auta ya ɗaure notin tayar, ya ja har ya ji sifanar ta tsaya cak. Ashe bakinta ne ya buɗe ya maƙale a jikin ƙarfe, notin kuwa bai ɗauru ba. A gangaren kasuwa tayar ta goce. Kafin a kai mijin Malama asibiti rai ya yi halinsa.

Wurin zaman makoki Malama tana jin mata na raɗa: "Sakacin ƙanenta ne." Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke shi, domin ita ce ta sauya masa kayan aiki. Ta tuna martabar sunanta, ta ƙara jan mayafi, ta yi shiru. Auta ma bai tona ta ba. Da masu babura suka daina zuwa, ya rufe shagon, ya ajiye akwatin a ƙofar ɗakinta, ya bar garin.

Ta je neman kayan Baba, aka ce tuni an narkar da su. Ta dawo gida, ta rufe ƙofa, ta ɗauki sifana ɗaya daga akwatin ta sake ta a ƙasa. Ta ce ɗif.

Darasin da ke nan shi ne, ingancin kayan aiki a hannun mai sana'a ake saninsa, ba a sheƙi ko tambari ba. Kuma mutuncin da aka tsare da shiru a kan gaskiya, wani marar laifi ne yake ɗaukar nauyinsa.