Yatsan da Ya Yi Nisa

An yi wata mata wadda mijinta ya rasu, ta riƙe gida da kiwon kaji. 'Ya'yanta uku. Biyu sun yi aure a unguwa, ko tari suka yi tana ji ta bayan danga. Autar, Keziya, ta sami aikin jinya a can ƙetaren kogin Binuwai, tana shirin tafiya.

Uwar ta ce, "Ba da yawuna ba. In ba kya jin muryata, wa zai gyara ki?"

Keziya ta ce, "Mama, ko addu'a ki yi mini." Uwar ta juya mata baya.

Da rana ta take, matar ta ɗaga kazar da ke kwanci, ta ɗauki ƙwai, ta haska shi a rana cikin tafinta don ta ga ko ya kama. Ta mayar da shi, ta jingina da rumbu, barci ya sace ta.

Sai ga ta a cikin ƙwan. Ko'ina jan haske, komai yana lilo a hankali. Ɗan tsakon bai gama zama tsako ba. A gefensa akwai wani ɗan tudu, inda fiffike zai fito. Daga bayan tudun wata 'yar tsoka tana aika saƙo, yana ratsa naman kamar yadda ƙamshin miya yake ratsa gida. Naman da ke kusa ya sha saƙon sosai, ya soma zama wani irin yatsa. Na tsakiya ya sami daidai gwargwado, ya soma zama dogon yatsa. Na can nesa kuwa ɗan kaɗan ya iso masa, yana zama ƙaramin yatsan nan da kuke gani a gaban fiffike idan an fige kaza.

Tausayi ya kama matar. Ta ce wa naman nesan, "Wayyo, matso mana, ba ka ji!"

Naman ya ce, "Ina ji. Kaɗan ɗin nan shi ne rabona."

Ina, ba ta saurara ba. Ta sa hannu ta tattaro naman duka jikin tsokar. Kowa ya sha saƙo daidai da na kowa, yatsun suka fito iri ɗaya, a cure. Tsakon ya fasa ƙwai yana jan fiffike a ƙasa, ya kasa ɗaga shi. Matar ta fashe da kuka, kukan ne ma ya tashe ta.

Ta shiga ɗaki, ta tarar Keziya tana fid da kayanta daga akwati, ta haƙura da tafiyar. Uwar ta ce, "Mayar da su. Durƙusa." Ta ɗora mata hannu a ka, ta sa mata albarka.

To, ga ma'anar misalin. Iyaye, da ku nake, ku daina waigen wanda ke zaune kusa da ku. Tsokar nan ku ne, saƙon kuwa maganar Allah ce da kuka zuba wa 'ya'yanku. Ubangiji ne yake auna wa kowa wurin zamansa, wani a gindinku, wani a inda muryarku take isa da ƙyar. Na nesa bai ɓata ba, ana siffanta shi ne don aikin da na kusa ba zai iya ba. Rabuwa da zafi, na sani. Amma in akwai ɗan da kuka hana wa albarka don zai yi nisa, ku neme shi yau kafin ku ci tuwo.