Beyar Ɗin Da Bai Tashi A Hoto Ba

Tavi Munteanu mutum ne mai ido, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In ya ɗauki hoton itacen da kake wucewa kullum, sai ka tsaya kana kallo kamar yau ka fara ganinsa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba. Ba ya iya jiran abu ya kai ƙarshensa. Da zarar ya samu abin da ya zo nema sai ya rataya kyamara ya yi gaba, ko da kuwa kana tsakiyar amsa tambayar da shi ya yi maka. A ƙauyenmu na Runcu aka haife shi, kawunsa Zamfir ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Tun da ya koma birnin Bukares ya zama mai ɗaukar hoto, sau ɗaya muke ganinsa a shekara, ranar ƙarshe ta Disamba, lokacin rawar beyar.

Ni Ilarie ne, mai ganga. Shekara ashirin da biyu ina kaɗa wa masu rawar, muna bin gida-gida. Maza su shiga fatun beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi, a ɗaura musu jan tuntu a kunne, su yi ta dirin ƙafa har dusar ƙanƙara ta zama caɓi. Can sai babban beyar ya yanke jiki ya faɗi kamar matacce. Ni kuma in sassauta hannu. Madugu ya tsaya a kansa yana waƙa, ya taɓa shi da sanda, sai beyar ya motsa ya miƙe, ya shigo da sabuwar shekara cikin gidan. Faɗuwar ba wani abu ba ce, ko buhun dankali yana faɗuwa. Tashin shi ne rawar.

Babban beyar ɗinmu Zamfir ne, tun ina saurayi. A shekarar da nake ba da labari ya kai saba'in da ɗaya, kuma likita ya riga ya faɗa masa cewa zuciyarsa ba ta ɗaukar fatar nan mai nauyin ɗan maraƙi. Ya yarda zai ajiye, amma sai ya yi ta ƙarshe, a tsakar gidansa.

Ranar da safe na shiga gidan Zamfir karɓar ganga da nake ajiyewa kusa da murhunsu don fatarta ta ja. Na tarar da Tavi yana goge gilashin kyamara, matar Zamfir kuma, Profira, tana yanka burodi mai zaƙi.

"Tavi," in ji ta, "abu ɗaya nake roƙonka. Shekara nawa kana ɗaukar mutanen duniya, ba ni da hoton tsohon nan ko ɗaya yana cikin fatarsa. Ka ɗaukar mini shi sa'ad da ya miƙe. Guda ɗaya, in rataya a bango."

"Haba Inna, guda ɗaya? Ɗari zan kawo miki."

"Ni ɗaya na ce. Ɗari ina zan kai su?"

Zamfir yana fama da ɗaurin takalmi ya ce, "Ki bar shi ya ɗauke ni ta baya, ta nan na fi kyau."

"Ai shi ya sa na aure ka, da ka juya baya na gan ka," ta ce, muka yi dariya.

Tavi ya dafa ƙirji ya ce alkawari ne. Na ji da kunnena.

Sai da la'asar muka zagayo gidan Zamfir, tsakar gidan cike da mutane. Kafin a fara Tavi ya tsayar da mu. Ya kawar da bokitin roba, ya sa aka ture babur bayan rumbu, ya ce wa ɗaya daga cikin masu rawa ya koma baya don takalminsa na zamani ne.

Na ce, "Ɗan birni, mu ma ka ɓoye mu mana, tunda haƙoran roba ne a bakin wasunmu."

"Kaɗa gangarka, Ilarie. Ba za ka gane ba. Mutanen birni tsohon zamani suke so su gani."

Na kaɗa. Zamfir ya yi rawar da ban taɓa ganin ya yi irinta ba. Ƙafarsa ta yi nauyi, amma kowane taku ya sauka inda ya kamata. Da lokaci ya yi ya sulale ya kwanta a kan farar dusar ƙanƙara, jan tuntun ya baje gefensa. Tavi ya yi rub da ciki yana ta ɗauka. Daga nan ya duba bayan kyamarar, fuskarsa ta washe.

"Na samu!" ya ce. Ya ɗaga kai ya ga rana tana shirin faɗawa bayan dutse. A daidai lokacin ne ƙungiyoyin masu rawa na ƙauyuka uku suke haɗuwa a kan gada, kuma ya ci burin samun hoton nan kafin haske ya tafi. Sai ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya nufi ƙofa.

"Tavi! Bai tashi ba tukuna!" na yi masa tsawa.

"Yanzu zan dawo!"

Mai ganga ba ya barin beyar a kwance ya bi wani da gudu. Na ci gaba da kaɗawa a hankali, raina yana tafasa.

Madugu ya rera waƙarsa ya taɓa Zamfir da sanda. Bai motsa ba. Ya sake rerawa, ya sake taɓawa. Shiru. Profira ta ratso mutane ta durƙusa kusa da kan beyar ɗin.

"Tsoho," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "kada ka kuskura ka yi mini haka a gaban baƙi. Tashi, miya tana hucewa."

Sai fatar ta motsa. Ya dafa hannu ɗaya, ya kafa gwiwa, ya tsaya yana haki. Wasu suka matso za su kama shi, ya girgiza kai. Shi kaɗai ya miƙe, a hankali, har ya tsaya cak. Na saki ganga da duk ƙarfina. Ya ture kan beyar ɗin baya, ga fuskarsa ja wur tana tururi, yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Manyan maza sun yi kuka ranar, har da ni.

Ya waiga dama, ya waiga hagu. "Ina Tavi? Ya ɗauka?"

Tavi kuwa yana can kan gada.

Hoton da Tavi ya ɗauka na beyar a kwance ya ci gasa. Wata mujalla ta buga shi shafi guda, an rubuta a ƙasa: Mutuwar Al'ada. Zamfir ya gani kafin ƙanƙara ta narke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini, "To, ashe na mutu, ba wanda ya gaya mini." Ya yi dariya, amma ba irin ta ranar nan ba. A watan Maris zuciyar ta tsaya.

Ranar addu'ar arba'in Tavi ya zo da hoton nan, an faɗaɗa shi an sa masa firam mai kyau. Bayan an dawo daga coci ya miƙa wa Profira da hannu biyu.

"Inna, ga Kawu. Duk ƙasar nan ta gan shi."

Ta duba, ba ta karɓa ba. "Wannan na gani a mujalla. Ina nawa?"

"Na duba, Inna. Hoto ɗari shida na ɗauka ranar. Akwai na rawa, akwai na gada..."

"Ina wanda ya miƙe?"

Tavi ya sunkuyar da kai.

Ta kama hannunsa ta ja shi ɗaki, ni ma na bi su. A bango, sama da gado, akwai wani ɗan hoto da maƙwabciyarsu Saveta ta ɗauka da tsohuwar wayarta. Ya karkace, ya yi dishi-dishi, babban yatsan Saveta ya rufe kusurwa guda, ga ƙeyar wani ta tare rabin fatar. Amma Zamfir yana tsaye, bakinsa a buɗe da dariya.

"Saveta ba ta iya ɗaukar hoto ba," in ji Profira. "Tsayawa kawai ta yi." Ta juyo ta dube shi. "Ka tafi da naka, ɗana. A kwance na gan shi sau ɗaya a cikin akwatin gawa, ya ishe ni. Mutumin da ya goya ka ya yi minti biyu yana kokawa da ƙasa don ya tashi a gabanka. Kai kuma ka bar shi kwance a idon duniya har abada."

Tavi ya fita da firam ɗin a hammata, fuskar hoton tana kallon rigarsa. Har yanzu yana zuwa kowace shekara, kuma shi ne na ƙarshen barin kowane gida. Amma Zamfir ba zai sake tashi a gaban kyamarar kowa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya ga rabin abu ya yi gaba, ƙarya zai kai wa mutane ko da bai yi niyya ba. Gwaninta ba ta maye gurbin haƙuri, kuma alkawari kaya ne, ko da na hoto guda ne. In ka zo shaida rayuwar mutane, ka tsaya har su gama. Kada ka ɗauki faɗuwar mutum ka tafi da ita, ka jira ka ga tashinsa, domin akwai lokacin da in ya wuce, da na sani ba ta dawo da shi.